Layi Mai Ɗigo-Ɗigo

Auta lauya ta so zama. Sau uku tana neman shiga jami'a ana mayar da ita, a na huɗu suka ɗauke ta, amma suka tura ta wani sashe da ko sunansa ba ta taɓa ji ba, wai nazarin ɗan Adam da zamantakewarsa. Da ta kai wa babanta takardar a shagonsu na kafinta, sai ya ajiye zarto, ya goge hannu a jikin rigar aiki, ya karɓa ya juya ta gaba da baya, sannan ya tambaya ko in an gama likita ake zama. Ta ce a'a. Ya ce to me ake zama?

Baffa, yayan babanta, wanda suke shagon tare fiye da shekara talatin, ya ɗago daga kan ƙofar da yake buga wa ƙusa ya ce ai gulma za a koya mata har a ba ta takardar shaida, sanin wane ya auri wance, kuma in dai wannan ne matan layinsu duk farfesoshi ne. Aka yi dariya har da ita. Amma a cikin makon Baba ya ware katako mai kyau ya haɗa mata teburin karatu, da aljihu biyu da wurin ɗora ƙafa, don ita ce ta farko a zuriyarsu da ta taka jami'a.

Shekarar farko ta yi ta ne kamar mai shan magani. A ta biyu ta haɗu da kwas ɗin da kowa ke tsoro a sashen, na manyan ra'ayoyin masana. Wani Dakta ne ke koyar da shi, siriri mai furfura, wanda ɗalibai ke kira Sai-Me a bayan idonsa, domin duk amsar da ka ba shi, komai kyanta, zai karkace kai ya ce, to sai me? A bene na biyu ake laccar, ɗaki mai fanka uku, ɗaya ce kawai ke juyawa, ɗalibai kusan ɗari a matse kan bencina.

Mako-mako yake ɗauko ra'ayi ɗaya, ya gina shi har kowa ya yarda, mako na gaba ya zo ya rushe. Ya fara da na mutanen farko, masu cewa al'ummomi tsani suke hawa, wasu na sama wasu na ƙasa, ya nuna musu yadda masu maganar suka ɗora kansu a matakin ƙoli ba wanda ya gayyace su. Ya zo kan masu cewa kowace ɗabi'a tana da aikin da take yi wa jama'a, kamar yadda hanta da ƙoda ke yi wa jiki, ko da masu ita ba su sani ba. Ya zo kan masu cewa a bar abin da ido ke gani, a tono tsarin da ke ƙarƙashi. Ya zo kan masu cewa duk wannan surutu ne, a tambaya kawai wa ke cin riba, wa ake dannewa. Auta ta tsinci kanta tana zama a bencin gaba. A mota in tana komawa gida sai ta riƙa kallon fasinjoji, wa ya tashi wa wa, wa ya gaishe da wa, tana jin kamar an wanke mata ido. Har a wajen cin abinci take kawo zancen, Umma ta ce don Allah a bar su su ci a matsayin mutane, ba abin nazari ba.

A tsakiyar zango suka iso kan dangantaka. Dakta ya ce a nan ne masana suka fi ba hammata iska. Wasu sun ce jini ne ke ƙulla dangi, wasu sun ce aure ne, na baya-bayan nan kuma sun ce ba ko ɗaya, ci da sha da kwana a rufi ɗaya ne ke mayar da mutum ɗan'uwa. Ya zana musu alamomi a allo: alwatika namiji, da'ira mace, layi miƙaƙƙe haihuwa, layi mai ɗigo-ɗigo riƙo. Ya ba da aiki: kowa ya sami dattijo ɗaya, ya zana zuriyarsa, ya auna ta da ra'ayi biyu. Ya raba wata takardar neman izini, ya ce a karanta wa wanda za a tambaya, kuma a ɓoye sunaye. Auta ta cusa takardar a jaka. Kakarta za ta tambaya, wa ke neman izinin kakarsa?

Kaka tana zaune a gidan Baffa, a ɗakin baya mai taga ɗaya. Ta haura tamanin, hankalinta ya fara zuwa yana komawa, wata rana ta ba ka labarin shekara sittin tiryan-tiryan, wata rana ta tambaye ka ɗan wa ne kai. Baffa take kira Babba, Baba kuma Ƙarami. Kullum in an rufe shago Baba sai ya biya ta wurinta kafin ya wuce gida, ya ɓare mata lemo, ranar da ta kama ya yanke mata farce. Kowa ya san shi ne na gaban goshinta, har Baffa kan yi tsiya ya ce shi Baffa a bakin titi aka tsinto shi.

Ranar Asabar da hantsi Auta ta je, ta tarar Kaka na cikin ranakunta masu kyau. Suka taɓa barkwanci, Kaka ta ce uwar karatu an zo a ƙirga mata haƙora ne? Auta ta kunna naɗin murya a waya ta ajiye kan tabarma, ta buɗe littafi. Kaka ta jero iyayenta da 'yan'uwanta ba gargada. Da aka zo kan 'ya'yanta ta ce Babba, sai biyu da ba su yi rai ba, sai Gwaggo, sai wani namiji da ya kwana goma sha ɗaya ya koma. A nan ta tsaya. Auta ta ce saura Baba.

"Ƙarami ai ban haife shi ba," in ji Kaka, da muryar da za ta ce ruwa ya ƙare a buta.

Auta ta ɗauka ruɗewa ce, ta yi dariya. Amma Kaka ta ci gaba, idonta na kan taga. Ta ce a lokacin haya suke a wani gida mai ɗakuna da yawa kusa da wata masaƙa. A ɗakin da ke jikin nasu akwai wata mace mai wanki, mijinta ya tafi neman aiki bai dawo ba. Tare suka yi goyon ciki. Na Kaka ya rasu, na mai wankin ya rayu. Bayan wata biyu zazzaɓi ya kwantar da matar, da za a kai ta asibiti ta miƙo jaririn ta ce a riƙe mata shi kwana biyu. Kwana biyun ne har yau. Sun je asibitin sau uku, wani ya ce an sallame ta, wani ya ce ba a taɓa kawo ta ba. Mijin Kaka ya ce duk wanda ya ɗaga maganar bai yafe ba, a shekarar suka tashi daga unguwar. Auta ta tambayi sunan matar. Kaka ta ce Mai Wanki suke ce mata. Ta juyo ta ƙura wa jikarta ido ta ce tana da wushirya, irin taki sak.

Daga nan ta koma zancen wata akuya da aka taɓa sace musu. Auta ta kashe wayar.

Kwana uku tana yawo da maganar kamar mai ɗauke da garwashi a tafin hannu. In Baba ya yi dariya sai ta kalli wushiryarsa ta kau da kai. Ta yi niyyar goge naɗin ta je ta tambayi wata tsohuwar daban. Amma duk sanda ta zauna a teburinta sai wani abu ya riƙa yi mata raɗa. Ga mutum, ba jini, ba aure, amma ya fi kowa zama ɗa a gidan. Ga shirun shekara hamsin da huɗu da ya riƙe gida bai rushe ba. Abin da masana suka cika littattafai suna jayayya a kai, ga shi a ɗakin baya na gidan Baffa. Ta ce wa kanta ai Dakta kaɗai zai karanta. Ta cire sunaye ta sa haruffa, ta ce wani gida ne a wani gari, kafintoci ta mayar da su masu sana'a ɗaya a shago ɗaya. Ta rubuta shafi goma sha biyu da hannu, kuma ta san ba ta taɓa rubuta abu mai kyau kamarsa ba.

Sai an buga aikin a kwamfuta ake karɓa, ita kuwa ba ta da ita. Babban ɗan Baffa, wanda ake kira Injiniya, yana da shagon buga takardu a bakin kasuwa, can take zuwa ta zauna ta buga abinta. Ranar ta tarar da layi, duk kwamfutocin da mutane, ga gwaji da ƙarfe biyu. Injiniya ya ce ta bar takardun ta tafi kada ta makara. Ta tsaya jim da su a hannu, sannan ta miƙa.

Da ta dawo da la'asar ya gama, har ya zana mata taswirar zuriyar a kwamfuta, ta fi tata kyau. Ya juyo mata da allon ya sa yatsa a kai, ya tambaya wannan layin mai ɗigo-ɗigo fa, kuskure ne ko haka ake so? Ta ce haka ake so, riƙo yake nufi. Ya ce gidan su wa ne haka, babba namiji, biyu sun rasu, sai mace, ga 'yan'uwa biyu a shago ɗaya, ƙaramin na da 'ya'ya huɗu, autarsu mace? Ta ce gidan su wata ƙawarta ne. Ya dube ta ya ɗan jima, ya ce Allah Sarki. Ta roƙe shi ya goge daga kwamfutar, ya goge a gabanta.

Injiniya ba mugu ba ne, abin ne ya tsaya masa a rai. Washegari ya sami mahaifinsa shi kaɗai a tsakar gida ya tambaye shi. Da Baffa ya yi dariya da maganar ta mutu a wurin. Sai ya miƙe ya ɗaga hannu kamar zai mari ɗan da ya haifi 'ya'ya uku, yana tambaya da ƙarfi wa ya gaya masa. Matar Baffa tana ɗaki ta ji komai. Kafin azahar ta kira Gwaggo, wai don ta ji ko ta sani. Gwaggo ba ta sani ba, shekararta uku lokacin. Ta yi kuka ta gaya wa mijinta. Magana zarar bunu, cikin mako guda kowa a dangi ya ji, kowa kuma yana gargaɗin na kusa da shi kada Ƙarami ya ji.

Mijin Gwaggo ne, mutumin kirki mai son gyara, ya ɗauka tuni maganar ta isa. Ya je shago ranar da Baffa ya fita sayen katako, ya dafa kafaɗar Baba ya ce ya kwantar da hankalinsa, su a wurinsu ba abin da ya canza, ɗan'uwa ɗan'uwa ne ko wa ya haife shi. Da ya ga fuskar Baba ne ya gane ɓarnar da ya yi, ya fara kame-kame, a cikin kame-kamen ya ambaci takardar Auta.

Ba a taɓa ganin Baba a gida da rana tsaka ba. Auta na wanke kwanuka ya shigo, garin katako a gashin kansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ta kawo takardar da ta rubuta. Ta ce ta miƙa a makaranta. Ya ce na hannun fa? Ta ɗauko. Ya zauna a kujerar falo ya duba, da harshen makaranta aka rubuta, shi kuwa karatunsa bai yi nisa ba. Ya miƙo mata ya ce ta karanta masa ta fassara, kada ta tsallake komai. Umma ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa don Allah a bari, bai ko dube ta ba.

Haka Auta ta durƙusa a gabansa tana karantawa. Ta karanta inda ta kira shi Namiji D. Ta karanta inda ta ce Namiji D hujja ne a kan masu ra'ayin jini. Ta karanta inda ta ce rashin saninsa shi ne ginshiƙin zaman lafiyar gidan, kuma wannan ya dace da masu cewa kowane abu yana da aikinsa. A shafi na bakwai ta tsaya. Ya jira ta. Ta ci gaba har ta kai ƙarshe.

"Kin iya rubutu," ya ce. "Malamin naku ya san ni ne?"

"Bai sani ba, Baba."

"To da sauƙi. Ni ma ban sani ba."

Ya nemi ta sa masa muryar Kaka. Minti huɗu ne da 'yan daƙiƙoƙi. Ya saurara sau uku, ya ce ta tura masa a wayarsa, ya tashi ya fita.

Wurin Kaka ya nufa. Matar Baffa ce ta ba da labarin daga baya. Ta ce ya zauna a inda ya saba zama, ya tambaye ta a hankali wace ce Mai Wanki. Kaka ta ce wace mai wanki? Ya kunna mata muryarta. Ta saurara ta ce wannan wace tsohuwar maƙaryaciya ce? Ta fashe da kuka tana cewa wa ya haife shi in ba ita ba, wa ke son raba ta da ɗanta. Dole ya koma lallashinta. Ya sake gwadawa bayan kwana biyu, ya sake bayan mako, ko sau ɗaya ƙofar nan ba ta ƙara buɗewa ba.

Baffa shekararsa tara lokacin, yana tune. Ya ce abin da ya riƙe kawai mace ce doguwa mai shuɗin baho, tana ba shi alewa. Suna kuwa bai sani ba. Ya ce mahaifinsu ya sa shi rantsuwa, kuma shi bai taɓa kallon Ƙarami a matsayin wani abu ba ƙaninsa ba. Baba ya ce ya yarda. Ya ce abin da ya kasa haɗiyewa shi ne kowace safiya ta Allah Yaya na buɗe shago ya dube shi da wannan a cikinsa, har ya riƙa tsokanar cewa shi Yaya ne aka tsinto a titi.

Bai daina zuwa shago ba da farko. Sai dai ya koma neman izini. Yaya, a ara mini guduma. Yaya, zan iya yankar wannan katakon? Gudumar da shi ya sa mata ƙota da hannunsa. Baffa ya yi faɗa, ya yi roƙo, wata rana ya jefar da abin awo ya fita waje ya share hawaye. Ba abin da ya sauya. Bayan wata biyu Baba ya tattara kayan aikin da ya tabbatar shi ya saya, suka cika jaka ɗaya, ya kama wata rumfa a bayan tashar mota yana gyaran kujeru da bencina.

Auta kuwa ba wanda ya zage ta, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Yayyenta suka rage kiranta. A gidan Baffa in ta shiga sai hira ta mutu, matar Baffa ta ce a yi hankali ga 'yar jarida. Umma sau ɗaya ta yi magana, tana ninke kaya, ta ce da kin zo mini da shi tun ranar da kika ji, da mun san yadda muka binne shi tare.

Wata Lahadi Baba ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce ta shirya ta raka shi, tunda ita ta iya tambaya. Suka hau mota biyu zuwa tsohuwar unguwar masaƙa. Masaƙar ta daɗe da mutuwa, inda gidajen haya suke an yi manyan ɗakunan ajiyar kaya da katanga mai waya. Suka bi masu shago da masu gadi, Auta na tambaya, Baba na tsaye a baya da hula a hannu. Aka nuna musu wani tsoho mai gyaran keke, ya ce masu wanki ai sun fi ashirin a lokacin, wacce daga ciki? A asibitin wata ma'aikaciya ta tausaya musu ta ce takardun waɗannan shekarun ba su nan, ko suna nan ma, wa za a nema ba suna? Suka sake komawa Lahadi ta gaba. A hanyar dawowa Baba na kallon taga ya ce wataƙila ta warke ta dawo ta tarar sun tashi. Auta ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Ta so ta ce wani abu, ta duba duk abin da ta karanta a shekara biyu ba ta sami kalma ɗaya da za ta ba shi ba.

A makon ne aka dawo da aikin. Ita ce ta fi kowa maki. Dakta ya kira ta ofis, wani ɗan ɗaki da littattafai suka cinye rabinsa, ya ce ya shekara ashirin yana ba da wannan aikin bai ga kamar nata ba, yana so ta gabatar da shi a taron sashe. Sai ya tambayi takardar izini, don bai gan ta a ciki ba. Auta ta gaya masa komai, tun daga hantsin Asabar har rumfar bayan tasha. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ai don irin wannan ya raba takardar.

"Izinin wa zan nema, Dakta?" ta ce. "Na Kaka da ba ta san ta faɗa ba, ko na Baba da bai san akwai abin faɗa ba?"

Ya mayar da tabaransa. Can ya ce a shekara ta uku akwai kwas guda a kan wannan matsalar, ya daɗe yana cewa a riƙa yin sa kafin wannan aikin, ba a yi ba. Ya ce zai cire aikin daga ma'ajiyar sashe, makinta na nan. Ya tambaya ko akwai abin da zai iya yi. Ta ce babu, ta gode. Ya rako ta har bakin ƙofa, abin da ba ya yi wa kowa.

Ta ci gaba da zuwa lacca, amma ta koma bencin baya. Ranar jarrabawa tambaya ta farko ita ce a kwatanta ra'ayi biyu a kan abin da ke riƙe iyali. Ta san amsar ciki da bai, ta san wa ya ce me, wa ya ƙaryata shi. Ta rubuta rabin shafi, sai ta ga hannunta ya tsaya. Ta zauna tana kallon fankar da ke juyawa har aka ce a ajiye alƙalami. Da sakamako ya fito ta faɗi kwas ɗin, sai ta maimaita baɗi. Ba wanda ya tambaye ta a gida, ita ma ba ta faɗa ba.

Zuwan Baba wurin Kaka ya ja baya, daga kullum ya koma mako-mako, daga nan sai a yi wata. Ba fushi yake da ita ba, ya gaya wa Umma, in ya zauna a gabanta ne tambayar ke taso masa har wuya, ga shi ba halin yi. Kaka kuwa jikinta ya ƙara lalacewa. Kullum da yamma sai ta sa a gyara mata zama ta fuskanci ƙofa, tana tambaya ko an rufe shago. Baffa da kansa ya taka har rumfar bayan tasha, ya tsaya a rana ya ce in don shi ne kada ya zo, amma tsohuwar nan ba ta da sauran kwana da yawa.

Baba ya je washegari daga wurin aiki, da jakar kayansa a kafaɗa. Auta na can, don ita ce ke zama da Kaka ranakun da ba ta da lacca, ba wanda ya sa ta. Ya yi sallama ya durƙusa ya gaishe ta. Kaka ta dube shi, ta dubi jakar, ta ce madalla, an turo mai gyara, tagar nan ta shekara ba ta rufuwa. Auta ta ce Kaka, Baba ne fa. Kaka ta ce ta yi mata shiru tana magana da baƙo.

Baba ya ajiye jakar. Ya tashi ya duba tagar, ya buɗe jaka, ya kwance ƙarfen da ya lanƙwashe ya miƙar da shi, ya sauya ƙusoshi. Kaka na kallonsa tana yaba hannunsa. Ta ce ita ma tana da ɗa kafinta, Ƙarami, ko ya san shi? Baba ya ce ya san shi. Ta ce to in ya gan shi ya gaya masa ya kyauta, uwarsa na nan tana jira, ko laifi ta yi masa ai sai ya zo ya faɗa. Ya ce zai gaya masa. Ya buɗe tagar ya rufe sau biyu, ta zauna daram. Ya share garin katakon da ya zuba da tafin hannu, ya yi mata sallama.

Auta ta biyo shi waje. A bakin titi ta kai hannu za ta karɓi jakar, ya ce ta bar shi ba nauyi. Ya ce ta koma ciki kada a bar tsohuwar ita kaɗai. Ta tsaya tana kallonsa ya tsallaka, ya bi ta gaban shagon da Baffa ke ciki bai waiwaya ba, ya shiga cikin masu jiran mota. Daga ɗakin baya ta ji Kaka na kira, tana tambaya ko an rufe shago.